Yadda za ka bi diddigin taƙaddamar Brachiosaurus da Giraffatitan da kanka

A gidan adana kayan tarihin halittu na birnin Berlin akwai ƙwarangwal ɗin wata dabba mai dogon wuya daga cikin dinosaur, manyan dabbobin da suka shuɗe tun zamanin da, tsayinsa daga ƙasa ya haura mita 13. Shekaru da dama allon da ke gabansa yana cewa Brachiosaurus ne, ni ma haka na haddace shi tun daga littattafan da na fara karantawa. Yau sunansa Giraffatitan. Dabbar da ta mutu kusan shekaru miliyan 150 da suka wuce, a ƙarshen zamanin Jurasik, ba ta sauya ba. To me ya sauya? Ga hanyar da nake bi duk lokacin da na ci karo da irin wannan jayayya.

Kafin komai, nemi ƙasusuwan da aka fara raɗa wa sunan. A ilimin rarrabe halittu kowane suna ɗaure yake da samfuri guda da ke ajiye a wani wuri, shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Na Brachiosaurus an tono shi a shekarar 1900 a jihar Kolorado ta Amurka, Elmer Riggs ya sa masa suna Brachiosaurus altithorax a 1903, kuma yana ajiye a gidan tarihi na Field da ke Chicago. Ka tambayi abin da aka samu a ramin: ƙashin damtse mai tsawon kusan mita 2, ƙashin cinya, ɓangaren ƙugu, haƙarƙari, gaɓoɓin ƙashin baya bakwai, da guda biyu na wutsiya. Babu wuya, babu kai. Ranar da na gane haka sai da na ajiye littafin na yi shiru, domin dabbar da duniya ta sani da dogon wuya, samfurinta na asali ko gaɓa ɗaya ta wuyan babu.

To daga ina hoton da muka saba gani ya fito? Bi sawunsa, zai kai ka Tendaguru, a kudancin Tanzaniya ta yau, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Jamus. Daga 1909 zuwa 1913 aka yi ta haƙa a can. Ɗaruruwan mutanen yankin ne suka yi tonon, suka yi dakon ƙasusuwan a ka har tashar jirgin ruwa ta Lindi, kuma ina jin ciwon yadda ake yawan tsallake su idan ana ba da labarin. Shugabansu a wurin aiki Boheti bin Amrani ne, sunansa ya cancanci a riƙa ambata. A 1914 Werner Janensch ya duba abin da aka kai Berlin, ya ga damtse ya yi tsawo kamar na dabbar Riggs, sai ya sa ta a gida ɗaya da ita, ya kira ta Brachiosaurus brancai. Ƙasusuwan Tendaguru sun fi yawa nesa ba kusa ba, da wuya da ƙoƙon kai, shi ya sa masu zane suka koma kansu. Amma ka riƙe cewa ƙwarangwal ɗin Berlin haɗe-haɗe ne, mafi yawansa na dabba ɗaya, aka cike giɓin da na wasu.

Yanzu ka raba sunan kashi biyu. Kalmar farko ita ce gida, ta biyu ita ce jinsi. Babu wanda ya ce dabbar Kolorado da ta Tendaguru jinsi ɗaya ne, Janensch da kansa sunan jinsi daban ya ba ta. Gardamar ita ce ko bambancinsu ya kai a raba musu gida. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, suna neman wata doka da ta ce bambanci kaza ne ke haifar da sabon gida. Babu irin wannan doka. Hukunci ne na masani, amma dole ya baje hujjarsa kowa ya gani.

Don haka ka karanta hujjojin bisa jerin shekarunsu. A 1988 Gregory Paul ya lura ƙirar gadon bayansu ta sha bamban, ya ƙirƙiro sunan Giraffatitan, wato ƙaton raƙumin dawa, amma ya bar shi a matsayin reshe a cikin gidan Brachiosaurus. A 1991 George Olshevsky ya ɗaga shi ya zama gida mai zaman kansa. Yawancin masana ba su bi su ba a lokacin. Sai a 2009 Michael Taylor ya zauna ya gwada ƙashi da ƙashi, duk wanda ake da shi a ɓangarorin biyu, ya lissafa bambance-bambance 26. Ya nuna ta Amurka ta fi tsawon gangar jiki, kuma wutsiyarta ta fi kauri daga tushe. Daga nan ra'ayi ya karkata. Abin da ya gamsar da ni shi ne bambancin bai taru a wuri ɗaya ba, kusan kowane ƙashin da aka iya gwadawa ya nuna nasa.

Kada ka karɓi jerin bambance-bambance ido rufe. Kowanne ka yi masa tambaya uku. Shin ba shekaru ba ne, wato ƙaramar dabba ake gwadawa da babba? Shin ba nauyin dutse ba ne ya murɗe ƙashin a tsawon miliyoyin shekaru? Shin ba bambancin da ake samu tsakanin ɗaya da ɗaya ba ne a cikin jinsi guda? Ta ukun ta fi wuya a nan, tunda samfurin Riggs dabba ɗaya ce tak. Tambayar shekaru kuwa ta taɓa rusa babban suna. A 1903 ɗin nan dai Riggs ya ce Apatosaurus, wata dabbar mai dogon wuya da Othniel Marsh ya raɗa wa suna a 1877, ƙaramin Brontosaurus ne na 1879, kuma tunda ƙa'ida ta ce sunan da ya riga shi ke tsayawa, aka ajiye Brontosaurus. Sai a 2015 Emanuel Tschopp da Octávio Mateus da Roger Benson suka gwada samfura 81 da siffofi 477, suka dawo da sunan Brontosaurus. Har yanzu akwai masanan da ba su gamsu da hakan ba.

Akwai kuma tarkon da nake so ka kiyaye: ƙasusuwan da aka jingina wa suna daga baya. An tono wani ƙoƙon kai a Kolorado a 1883, Marsh ya yi amfani da shi wajen zana kan Brontosaurus, sannan a 1998 Kenneth Carpenter da Virginia Tidwell suka ce na Brachiosaurus ne. Mai yiwuwa sun yi daidai. Sai dai samfurin Riggs ba shi da kai, don haka ba za a iya ɗora wannan kusa da wancan a gwada kai tsaye ba. Duk inda ka ga an ce "kan Brachiosaurus", tambayi wane kai ake nufi, na Kolorado ko na Tendaguru.

Sannan ka duba bishiyar dangantaka da marubucin ya zana. Idan dabbobin biyu sun zauna kafaɗa da kafaɗa, babu kowa tsakaninsu, haɗa su gida ɗaya ko raba su duk suna iya yiwuwa, kuma a nazarin Taylor haka suka fito. Idan kuwa wata dabba mai sunan gida daban ta shiga tsakani, kamar yadda ya faru a wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya, to riƙe tsohon sunan ya zama da wuya.

Ni dai Giraffatitan nake kiran dabbar Berlin, kuma idan na buɗe littafin da aka buga kafin 2009 na ga Brachiosaurus, nakan juya shafi in nemi inda aka tono ƙashin kafin in yarda da awo ko zanen da ke ciki.