Kurakuran da masu gida ke yi kafin su ba da haya a karkara

A da, baƙo idan ya sauka a ƙauye, ɗakin zaure ake share masa, ba a maganar kuɗi. Yanzu malamin da aka turo sakandare, da ma'aikaciyar asibiti, da ɗan bautar ƙasa, da ɗaliban da suka cika Dutse da kewayenta tun da aka buɗe jami'ar tarayya a 2011, haka na Kafin Hausa da Wudil, duk ɗaki suke nema da kuɗinsu a hannu. Sai dai mu masu gidajen har yau kallon baƙon zaure muke yi musu, muna ganin duk abin da aka ba su alfarma ce.

Babban kuskure shi ne gyaran gida da rani, gyaran ganin ido. Ni ma na yi shi. A watan Maris na shafe ɗakuna biyu da fenti, na sa sabon labule, na ba wani malamin lissafi. Ruwan Agusta na sauka silin ya jiƙe ya kumbura, cikin dare ya rufto kan katifarsa da takardun jarrabawar yara. Da asuba ya same ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Baba, ɗakin nan naka dai da lema ake kwana a ciki." Kuɗin wata uku na mayar masa, ban da kunya.

Don haka daga sama ake farawa. Idan rufin kwano ne kuma babu silin, ka shiga ɗakin da tsakar rana, ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. Duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai bi. A canza ƙusoshin da suka saki, a toshe hudojin da kwalta. Idan akwai silin, tabon ruwa zai nuna maka wurin, kuma ka sa yaro ya leƙa ciki saboda jemagu, don warin kashinsu ba ya jin turare. Ginin ƙasa kuwa sai an sake yaɓe an share indararo kafin ruwan farko. Ka ƙwanƙwasa katakon rufi da na ƙofa. Wanda ya yi ƙarar fanko, gara ta gama da shi, fenti ba zai ceto shi ba. A yankunan da ruwa ke kwanciya, irin su Auyo da Ringim, gindin katanga ya fi komai buƙatar siminti da cikon ƙasa.

Sai masai da kwata, waɗanda mai gida ba ya ko leƙawa. Shaddar da ta kusa cika a yashe ta ko a haƙa sabuwa, a yi mata murfi, kuma ta yi nesa da rijiya. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar tazarar mita 30 inda fili ya ba da dama. Ruwan wanka kada ya bi ta ƙofar maƙwabci. Rigimar kwata kan kai mutane gaban dagaci, kuma sunanka za a kira, ba na ɗan haya ba.

In garin da wutar KEDCO, ka biya tsohon bashi tukuna, kada a zo yanke wuta a kan mutumin da bai sha ta ba.

Wani hali da ya zama ruwan dare shi ne mai gida ya kulle ɗaki ɗaya ya cika shi da buhunan gero da wake, ko ya bar turken awaki a tsakar gida. Ɓeraye su addabi mutane, shi kuma kullum yana hanya, sallama ɗaya ya faɗo ciki, alhali matar wani na tsakar gida tana wanki. Ka kwashe kayanka kaf. Haka nan kada kwaɗayin kuɗi ya sa ka haɗa samari da mai iyali a ƙofa ɗaya da banɗaki ɗaya. In dole ne, a ja katanga a fitar wa samarin ƙofarsu ta waje.

Na ƙarshe, ciniki baki da baki, wai don ana jin nauyin juna. Wa zai gyara famfo in ya lalace? Wa zai biya yasar masai? Kuɗin na wata ne ko na shekara, kuma wata nawa za a ba mutum in ana son ya tashi? La'adar dillali a wuyan wa take? A rubuta duka a takarda guda, da Hausa ko ajami, kowa ya riƙe kwafi, shaidu biyu su sa hannu. Ni gaban mai unguwa nake kai tawa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙonmu," ya san fuskarsa da inda yake aiki. Ranar miƙa mukulli kuma ni da ɗan hayan mu zagaya ɗakunan tare, na ɗauki hoton bango da ƙofofi da wayata, na tura masa ta WhatsApp nan take.