Sababbin zuwa Italiya, ku karanta wannan kafin ku shiga galleria da mota

Salam 'yan uwa. Wannan na rubuta shi ne saboda ƙannenmu da suka shigo kwanan nan suka fara tuƙi, ko aikin kai kaya ko dai an samu 'yar mota ta zuwa aiki. A gida mun saba da ramuka a titi da 'yan acaɓa da shanu masu tsallakawa, amma hanyar da aka huda dutse ta bi ta cikinsa ba mu san ta ba, nan galleria suke ce mata, kuma in kana wajen Genova zaka fita daga wannan ka faɗa waccan kamar ba za su ƙare ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne ƙaramin haɗari a ciki yana zama babba, don babu dajin da zaka kauce ka faɗa, hagu kankare dama kankare. A 2012 a Sierre ta ƙasar Suwizalan wata bas ɗauke da 'yan makaranta daga Beljiyam ta daki bangon wurin tsayawar gaggawa a cikin irin wannan hanya, ba wata mota da ta haɗu da ita, mutum 28 suka rasu, 22 yara ne. Bango kawai.

Bakin shiga shi ne wurin da ya fi yaudara. Wata rana da bazara ina sabon zuwa na shiga da baƙin tabarau a idona rana na ƙwallewa, wallahi na ɗan lokaci ban ga komai ba sai duhu, da idona ya washe jar fitilar birkin tirela ce dab da ni, na taka birki har kwalayen da ke baya suka zubo. Allah ne ya tsare. Kaga in kana gudun 110 duk daƙiƙa ɗaya ka ci mita 30, to lissafa daƙiƙa biyu ko uku da ido bai saba ba. Tun daga nesa ka cire tabarau, ka kunna fitila, ka rage gudu kafin ka shiga ba sai ka shiga ba. Wajen fita ma haka, haske ya kashe maka ido, ga titi a jiƙe ko ƙanƙara da hunturu alhali ciki a bushe yake, wani lokaci har iska ta bugi mota ta gefe.

Sai maganar manyan motoci. Tirela mai tan 40 in ta haɗu da ƙaramar mota kowa ya san wa zai ji jiki, saboda haka kar ka manne mata a baya kuma kar ka kutsa tsakanin guda biyu. A galleria ta Mont Blanc da ta haɗa Italiya da Faransa, kilomita 11.6, doka ce kar ka wuce gudun 70 kuma ka bar mita 150 tsakaninka da na gabanka, har shuɗayen fitilu suka jera a bango don ka auna. Inda masu zuwa da masu dawowa ke galleria ɗaya kuwa ka manta da obatekin gaba ɗaya, karon gaba da gaba ba a cika fita da rai ba. Bel kuma don Allah har na baya su ɗaura, na san a gida wanda ke baya ba ruwansa, amma shi ne zai taso ya daki na gaba, yara kuma a kujerarsu ba a cinyar uwa ba.

Wuta ita ce na fi jin tsoro. Ranar 24 ga Maris 1999 wata babbar mota ɗauke da fulawa da man majarin ta kama wuta a tsakiyar Mont Blanc, aka yi sama da kwana biyu tana ci, mutum 39 suka rasu, da yawansu a cikin motocinsu aka same su sun rufe gilashi suna jiran taimako. Hayaƙi ne ya kashe su tun wuta ba ta iso ba. A 2001 ma a galleria ta Gotthard a Suwizalan manyan motoci biyu suka yi karo wuta ta tashi, mutum 11 suka rasu. To in kaga hayaƙi ka matsa gefe, kashe inji, bar makulli a jiki don masu ceto su iya gusar da motar, ka fita da ƙafa ka bi koren alamar nan mai hoton mutum yana gudu, uscita di emergenza, tana nuna maka mita nawa ya rage zuwa ƙofa. Kar ka juya mota, kar ka yi ribas, kar ka tsaya ɗaukar jaka ko bidiyo. Na san mota da guminka ka saye ta, amma bar ta ɗan uwa.

In lalacewa ce kawai ta yi, kunna fitilun gargaɗi ka lallaɓa zuwa wurin tsayawa, sa rigar nan mai ƙyalli, ka kira da wayar SOS da ke bango don ita take nuna musu daidai inda kake. In ba ka kai gare ta ba, kira 112, lambar gaggawa.