Kafin ka kama haya a Kakuri ko Makera

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai neman gidan haya a Kakuri ko Makera, nan kudancin garin Kaduna, don Allah ya fara tambayar ruwa kafin ya tambayi kuɗin ɗaki.

Unguwannin nan da ma'aikatan masaƙu suka cika, tun daga 1957 da masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta fara aiki. Da aka rufe ta a 2002, sauran masaƙun ma suka bi baya, masu gidaje da yawa suka rasa kuɗin gyara. Ɗakunan suna da faɗi, ginin da ƙwari, amma abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya tsufa. Ka zagaya bayan gida ka ga nisan rijiya da masai. In suna dab da juna, ko gidan yana gefen rafin Makera da ya daɗe yana kwasar ruwan masana'antu zuwa Kogin Kaduna, kada yara su sha ruwan rijiyar. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire sinadarai. A bar shi ga wanki. Ruwan sha kuwa, ka sa kuɗin 'yan garuwa cikin lissafinka tun yanzu.

In da hali, ka je duba gidan a watan Agusta bayan an yi ruwan sama, sabon fenti ba ya iya ɓoye danshi a lokacin. Sai ka tambayi mai shagon bakin layi ko kwata tana shiga gidan, don dillali ba zai faɗa maka ba.

Takardar kuɗin wuta ta ƙarshe kuma, a nuna maka ita kafin ka sa hannu.