Yadda ake shirya ƙaramin Tiger Moth don tashinsa na farko

Tiger Moth jirgin koyon tuƙi ne mai fukafukai hawa biyu, ƙirar kamfanin de Havilland na Ingila. Ya fara tashi a 1931, kuma a cikinsa dubban matuƙan sojan saman Birtaniya suka koyi aiki lokacin yaƙin duniya na biyu. Faɗin fukafukansa ya kusa mita 9, don haka ƙaraminsa na kashi ɗaya cikin shida, wanda ake tuƙawa da rimot, yakan kai mita ɗaya da rabi. Wata da watanni ake yi ana haɗa shi da katakon balsa, sai a bi shi a hankali ranar farko.

Fara da awon nauyi, don nan ne yawanci ake yin asara. Saka batir da komai yadda zai tashi, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffiken sama, daidai inda zanen ƙirar jirgin ya nuna. Kada ka auna daga bakin fiffike, domin fukafukan Tiger Moth a karkace suke zuwa baya. So ake hancin ya ɗan sunkuya. In jela ta rinjaya, matsar da batir gaba. In bai isa ba, manna 'yar dalma a hanci. Ni dai gara ya yi nauyin hanci, don mai nauyin jela ba ya jin linzami ko kaɗan.

Sannan ka taɓa wayoyin da ke ɗaure fukafukan ɗaya bayan ɗaya, kada a samu mai sako-sako.

Tsaya a bayansa ka tura sandar rimot dama. Marfin gefen fiffiken ƙasa na dama, wato ɓangaren da ke motsi a bayan fiffiken, ya kamata ya ɗaga, na hagu ya sauka. Fiffiken sama ba shi da su, kamar na asalin. Ka yi nisa kaɗan ka sake gwadawa.

Zaɓi safiya marar iska sosai, a fili mai gajeriyar ciyawa. Fuskantar da hancinsa inda iska ke fitowa, ka ƙara wuta sannu a hankali, kana saita shi da linzamin jela, wato marfin tsaye da ke juya shi hagu ko dama, don yana son waskewa hagu. A kwana ma sai ka haɗa da linzamin jelar.

Wajen sauka kada ka kashe injin. Fukafukai biyu da tarin wayoyi suna cin gudunsa da sauri, sai ka bar masa 'yar wuta har tayoyin su taɓa ƙasa.