Darasi na 7: Auna ter ɗin gida da miltimetir

Ter ita ce wayar nan mai launin kore da rawaya wadda ke tafiya daga firiz zuwa tabalo, akwatin da ke rarraba kuran cikin gida, daga tabalo ta sauka har ga ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, wanda masu aikin lantarki ke ce ma pike. Aikinta shi ne idan kuran ya zubo a jikin firigo ko famfon ruwa, ya bi ta can ya shige ƙasa, disjonkter, na'urar da ke katse kuran da kanta, ya yanke, kar kuran ɗin ya bi ta jikin yaro da ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu.

Fara da abu mai sauƙi. Juya miltimetir ɗinka, na'urar auna kuran, zuwa V mai alamar igiya, wato volt na AC, irin kuran ɗin gida, ka zaɓi lamba da ta wuce 220. Tsakanin faz, wayar da ke kawo kuran, da nitir, wadda yake komawa ta cikinta, za ka ga wajen 220, tsakanin faz da ter ma kusan haka, tsakanin nitir da ter kuwa ƴan volt kaɗan. To nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, sai su ce ai ter na da kyau tunda 220 ta fito. A'a malam. Miltimetir kuran ɗin da yake ja ƙanƙane ne ƙwarai, ko ƙusa ka soka cikin yashi zai iya nuna maka wannan lamba, shi dai ya gaya maka wayar ba ta tsinke ba, amma ko ƙasar za ta iya shanye kuran mai yawa ranar da abu ya ɓaci, wannan bai gaya maka ba.

Sai ka kashe kuran gaba ɗaya daga konter, ka maida na'urar kan om, ma'aunin yadda abu ke tare wa kuran hanya, ka haɗa kan wayoyinta biyu ka ga ta sauka kusan sifili. Da doguwar waya ka auna daga ƙarfen ter na kowace firiz zuwa baret, wato wurin da ake kwance ter da sukurudireba kusa da pike. Kar ya wuce om 2. In ya wuce, nemi inda haɗi ya saki ko ya yi tsatsa.

Shi kansa pike, kar ka sa om kai tsaye tsakaninshi da wani ƙarfe cikin ƙasa ka yarda da abin da ka gani, lamba za ta yi ta rawa don ƙasa na da nata ɗan kuran. Na'urar wannan aiki telirometir ce. In babu ita ga dabara: kwance baret, ka samu taransifo mai fidda volt 12 na AC, ka kafa ƙarfe ɗaya nesa da pike kamar mita 30, wani kuma a layi ɗaya a kashi 62 cikin 100 na tazarar, wajen mita 18 da rabi ke nan daga pike. Haɗa taransifon tsakanin pike da ƙarfen nesa ka auna ampa, wato yawan kuran da ke bi, sannan ka auna volt tsakanin pike da ƙarfen tsakiya. Raba volt da ampa. Misali volt 2.4 da ampa 0.04 sun ba ka om 60. Duba tukuna ko na'urarka na auna ampa na AC, don masu araha na kasuwa da yawa ba su yi.

Ƙa'idar Faransa NF C 15-100 ta ce kar ter ta wuce om 100 idan disjonkter na 500 mA ne, wato ampa 0.5, saboda volt 50 raba 0.5 shi ne 100. Ƙasa da haka ya fi, kuma ni ina roƙonku ku sa mai 30 mA a layin firiz da banɗaki, shi ke ceton rai.

Mu nan Maradi ƙasarmu yashi ce, gidan da ke kan tudu irin unguwar Zariya ba ɗaya yake da na kusa da Gulbi ba inda damshi ke daɗewa. Wanda ya auna a Agusta ƙasa sharkaf zai ga lamba mai daɗi, Afrilu na zuwa ta haye. Don haka ku auna da rani. In ta yi yawa a ƙara pike na biyu mai mita 2, a ba su tazara aƙalla tsawon pike ɗaya, a haɗa su da wayar tagulla. Gishirin da wasu ke zubawa cikin rami yana sauke lamba na ɗan lokaci, amma yana cin ƙarfen. Kana gamawa ka maida baret ka ɗaure ta tam kafin ka kunna konter.