Haɗa Ƙaramin Tebur da Ba Ya Girgiza

Kafin ka ɗauki zarto, tabbatar katakonka ya bushe sarai. Ɗanyen katako yana tsukewa daga baya, gaɓoɓi su saki, saman ya lanƙwashe.

Ga awon: sama santimita 60 da 40, kaurinsa 2. Ƙafafu huɗu, tsawon 45, kauri 4 da 4. Sai katakon ɗamara da ke haɗa ƙafafun: biyu masu tsawon 44, biyu masu 24, faɗin kowanne 7. Jera ƙafafun wuri ɗaya ka ja musu layi guda, domin bambancin milimita 2 ya isa ya sa tebur ɗingishi.

A gaɓa aikin yake. Gam kaɗai ba ya riƙe bakin katako, don katakon tsotse gam ɗin yake yi. Huda ramuka biyu a kowace gaɓa, ka cusa 'yan sanduna masu kaurin milimita 8 da gam, ka matse. Tun gam bai kama ba, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, firam ɗin ya karkace, gyara nan take. Goge gam da ya tsattsafo da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba fenti ba zai zauna a wurin ba. Bar shi awa 24.

Saman kuwa, kada ka manna shi. Katako yana buɗewa da tsukewa ta faɗinsa, don haka ɗaure shi da sukuru ta ƙasa, ramukan da ɗan yalwa. Goge da samfefa lamba 80, sannan 120, sannan 180, kana bin jijiyar katakon.