Yadda batirin kwamfutarka zai daɗe a zafin Damagaram

Da farko, rage hasken allo. Yana cikin manyan masu shan caji, kuma in kana cikin ɗaki rabin haske ya ishe ka.

Sai ka latsa hoton batiri da ke ƙasa ta hannun dama a Windows, ka kunna tsarin tattalin wuta. Rufe shafukan intanet da ba ka karantawa, kashe Bluetooth.

Na uku ne mutanenmu suka fi yi wa sakaci: zafi. A Afrilu da Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40, batirin litiyom kuwa, irin wanda ke cikin kwamfutarka, ba ya shiri da zafi. Kada ka ɗora kwamfuta kan katifa ko darduma, kafofin iskarta toshewa suke yi. Ni kan tebur nake aza tawa, in tallafe bayanta da marafan kwalba biyu. Ƙurar hunturu kuma, kashe na'urar tukuna, ka share kafofin da busasshen burushin haƙori.

Cire caji in ya kai 80 cikin 100, sai dai in kana jin za a ɗauke wuta.

Batiri ya kumbura? Kada ya shiga bola ko wuta. Kai wa masu gyara a kasuwar Dole.